Rabe Mai Sauke Jinka

Duk wanda ya zauna Shara Mansur, a nan Makka, a 'yan shekarun nan ya san Rabe, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke dirowa daga bayan lori ranar Alhamis da hantsi, da kwandon busasshen kifi a ka, yana kwarara kira tun daga bakin titi: "Ina Bakanon nan mai tsoron ruwa? A faɗa masa teku tana gaishe shi!" Ni ne Bakanon. Sunana Tijjani, ina da 'yar rumfa inda nake sayar da kifi da kuka da daddawa, ɗakina kuma yana unguwar Tandabawi. Shi mutumin ƙasar Damagaram ne, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Bai taɓa raga mini ba, ni ma ban raga masa ba. A watan Shawwal na bara Allah ya karɓi abinsa a ɗakina, kansa bisa cinyata. Har yau in lorin Alhamis ta tsaya sai na ɗaga kai.

A Sawakin muka haɗu, bakin Bahar Maliya ta wajen Sudan, bayan kowannenmu ya yi shekaru yana tafe yana tsayawa, tsinkar auduga nan, dako can. Ba mu da takarda, shi ya sa muka hau sambuk, jirgin katakon nan da iska ke turawa. Rabe na tare da ƙanensa Hadi. Mai jirgin ya sauke mu da sassafe a wani wuri kudu da Jidda, ba gida ba itacen kirki, sai yashi da ruwan gishiri. Ya nuna mana wani tudu ya ce Makka na bayansa, ya juya abinsa. Muka hau tudun da gudu muna kabbara, sai muka ga wani tudun, bayansa ma wani. Salkunanmu suka ƙare. Hadi dama da zazzaɓi ya sauko, ƙishirwa ta ƙarasa shi a gindin wasu 'yan goriba da ke bakin wani busasshen kwari. Muna cikin haƙa masa kabari da sakaina, Rabe ya ji yashi ya yi sanyi a hannunsa. Ya matsa gefe ya ƙara tonawa, sai ga ruwa yana tsattsafowa, mai ɗan gishiri-gishiri amma ana sha. Ashe yaron nan a kan ruwa ya kwanta ya mutu. Rabe ya sunkuya kan ramin. Ya cika sakaina ya ba kowa, sannan ya zauna ya yi kukansa.

Wani Balarabe mai raƙuma ne ya kai mu hanya. Muka yi aikin Hajji tare, ni na samu dako a unguwar Misfala na zauna. Rabe kuwa, da aka watse, sai na ga yana ɗaure tsummokaransa.

Na ce, "Badamagare, ina zuwa?"

Ya ce, "Wurin Hadi."

Na ce, "Haba Rabe! Ka zo Makka da ƙafarka, ka koma cikin yashi? Kanku dama ba daidai yake ba, ku mutanen Damagaram."

Ya yi dariya ya ce, "Mai jirgin nan bai daina ƙarya ba, Tijjani. Gobe ma zai sauke wasu. Ina so su tarar da inuwa da randa."

Abin da ya riƙe ke nan har ya mutu: kada wanda ya sauka a wurin ya rasa inuwa da ruwa.

Ubansa mai jinka ne, shi ma da ita ya tashi. Ga waɗanda aka haifa nan Makka ba su taɓa gani ba, jinka rufin ciyawa ne mai tsini kamar malfa. A ƙasa ake haɗa ta. A kafa sanduna a ɗaure su, a baibaye da ciyawa, in ta gamu sai a tara maza su kewaye ta, su ɗaga gaba ɗaya su aza bisa ɗaki. Rabe ya samu kaba a kwarin, ciyawa kuwa sai daga nesa, masu raƙuma ke kawo masa ya ba su kifi. Da haka ya yi rumfa ta farko kusa da kabarin ƙanensa, ya gyara rijiyar, ya girke randa. Masu sauka suka fara tarar da mutum yana yi musu sannu da Hausa. Na ga dattijon da ya faɗi ya rungume ƙafarsa don wannan sannun kawai. Yawanci sukan huta su wuce, amma wasu suka zauna. Akwai Garba, ɗan ƙasar Katsina, ƙaƙƙarfa mai yawan ci. Akwai Baba Maman, tsohon Bagobiri mai taurin kai, wanda ya zama limaminsu. Akwai Asiya, wadda mijinta ya rasu a jirgi, daga baya Rabe ya aure ta. Larabawa masunta na gaɓar suka koya musu tuƙa huri, ɗan kwalekwalensu, da jefa koma. Kafin a ankara bukkoki sun yi layi a bakin ruwa, aka sa wa wurin Tungar Hadi. Kifinsu ne nake sayarwa har yau.

To amma duk cikinsu ba wanda aka haifa a bakin teku. Manoma ne, 'ya'yan manoma. Wata shekara da sanyi, iskar kudu da Larabawa ke kira aziyab ta yi kwanaki tana hurawa da ɗumi, sai wata rana hadari ya haɗu ta kan teku, baƙi ƙirin. Masuntan Larabawa suka ja jiragensu can sama suka tsere. Mutanenmu kuwa me za su yi in ba murna ba! Shekara nawa rabon su ga hadari irin na gida? Mata suka fito da tukwane da ƙore suna guɗa. Rabe ya shiga ɗaki ya kwanto ƙullin irin gero da ya ɗauko tun daga Damagaram, maza suka bi shi bayan tudu da sungumi, wai za su yi shuka. Jiragensu kuwa suna bakin ruwa, an ɗaure kowanne a turke da gajeriyar igiya kamar akuya.

Shi da kansa ya ba ni labari, yana yi yana riƙe ciki don dariya, ko da yake ranar ba dariya suka yi ba. Ya ce, "Ina sara ina jefa iri, sai na ga wani abu ya wuce ta kaina kamar faifai. Na ce Garba, wancan ba ɗakinka ba ne? Ya ce a'a, nawa ga shi can gaba, wannan naka ne!" Iska ta kwashe jinkar tungar kaf, ta watsa ciyawar cikin teku. Ruwa ya hau ya farfasa jirage a kan turakunsu. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma sun yi watanni a rana, don ciyawa ba ta samuwa sai an jira masu raƙuma. Rabin mutane suka tattara suka tafi Jidda. Waɗanda suka rage suka zauna da Baba Maman suka yanke magana: za su sake gini, amma in iska ta ƙara kwashe rufinsu, shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Wannan magana ta hana Rabe sukuni. In ya kawo kifi sai ya zauna a rumfata, mu sayi tamis da ful, wato burodi da wake, ya ɗauki malfata ya aza bisa gwangwani ya hura, ta faɗi. Ya ajiye ta a ƙasa ya hura, ta ƙi motsi. Ya yi ta yi har masu wucewa suna kallonmu.

Na ce, "Ya shaihu, in ka haukace ka faɗa mini, in nema maka magani tun da wuri."

Ya ce, "Bakano, duba! Jinka da hannu muka aza ta, da hannu za mu sauke ta. Mu kai ta bayan tudu, mu binne bakinta da yashi, mu shige ciki mu zauna. Iska ta zo ta nemi abin ɗauka ta rasa!"

Wallahi yadda idonsa ke ƙyalli ranar, ka ce an ba shi sarautar Damagaram.

Sai dai a wurinmu ba a sauke jinkar ɗakin da ake kwana ciki. Ana sauke ta ne in za a ƙaura, ko in mai ɗakin ya mutu gida ya watse. Baba Maman ya ce wannan kiran tsiya ne, shi ba zai tone kan ɗakinsa da ransa ba. Duk da haka, da hadari ya sake haɗuwa wata shekara, Rabe ya lallashi mutane suka sauke, ban da ta tsohon. Suka shige suka zauna suna jira. Hadarin ya yi ta ruri, ya yi ta ruri, sannan ya zame ya bi arewa, ko ɗigo bai sauka ba. Suka fito suna zufa, Baba Maman na zaune a inuwar ɗakinsa yana jan carbi. Ya ce, "Sannunku da ƙaura. Yaya garin da kuka je?" Daga ranar aka sa masa Rabe Mai Sauke Jinka, kuma da tsiya aka sa.

Babbar iskar ta zo ne ina can. Ban cika zuwa ba, don gaskiya ni da ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba ma shiri, amma Asiya ta haihu, dole in je suna. Aziyab na ta hurawa tun da na sauka. Washegarin suna, bayan azahar, iskar ta ɗauke cak. Teku ta kwanta kamar mai a kasko. Tsuntsayen ruwa suka tashi suka yi tudu. Can yamma kuwa sama ta yi baƙi tun daga ƙasa, da wani ja-ja a gindinta. Rabe ya duba ya duba, sai ya cire rigarsa ya ɗaure a ƙugu.

Ya ce, "Jama'a, jirage sama, jinka ƙasa!"

Jirage kam an ja su, wannan darasin ya zauna. Amma jinka, maza suka tsaya suna kallon juna. Wani ya ce, "Rabe, mu sake zama abin dariya?" Garba ma, da ba ya musu da shi, ya sunkuyar da kai.

Sai ga Asiya ta fito da jaririnta a goye, jego ko warkewa ba ta yi ba. Ta kira matan tungar da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, suka kewaye ɗakinta suka sa kafaɗa. Ta ce wa Rabe, "Malam, yi mana kiran ɗagawa. In maza sun ƙoshi da kunya, mu ba mu ci ba." Kai! Kafin ta rufe baki maza sun ture matan sun kama.

Rabe na da kiran da yake yi in za a ɗaga. Ya buɗe murya: "Wa ya ci tuwo?"

Suka amsa, "Mu ne!"

"To a ɗaga!"

Mutanen da rabonsu da tuwo tun Sudan, kullum shinkafa da kifi! Amma jinka ta tashi sama kamar ba nauyi, ta bi hanyar tudu da ƙafafu rututu a ƙarƙashinta. Aka dire ta a kwarin bayan tudun, mata da yara suka hau tura yashi a bakinta da ƙore. Muka koma da gudu. "Wa ya ci tuwo?" "Mu ne!" Ni da na zo cin naman suna, sai ga ni da sanda a kafaɗa, ciyawa na zubo mini a ido, Rabe na bayana yana cewa, "Ɗaga sosai, Bakano, ba buhun kuka ba ne!" Na ce, "In na mutu a nan, Badamagare, kai za ka gaya wa mutanen Kano!" Muna yi muna dariya muna haki, iska kuma ta fara dawowa, mai sanyi wannan karon, tana watsa mana yashi a ƙafa.

Saura ɗaya, ta Baba Maman. Yana zaune a ƙofa ya harɗe. Rabe ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ba ƙaura za mu yi ba. Don kada mu ƙaura ne. In taka ta tashi, gobe za ka ce alkawari ya cika, kuma mutane za su bi ka." Tsohon ya kau da kai. Sai iska ta daki ɗakin, jinkar ta ɗaga gefe ɗaya ta koma, ta sake ɗagawa. Ya dubi sama ya ga haske ta inda bai saba gani ba. Ya miƙe ya ɗauki buzunsa da butarsa ya ce, "To me kuke jira? Ku yi kiran naku na banza."

Wannan ita ce ta kusa kashe mu. Muna fitowa fili iska ta shiga ƙarƙashinta. Na ji nauyi ya bar kafaɗata, na duba, sai na ga ƙafafun Rabe ba sa taɓa ƙasa! Yana rataye da sandar tsakiya yana wutsil-wutsil, yana ihu, "Garba, kama ni! Ban yi sallama da Asiya ba!" Garba ya yi tsalle ya rungume ƙugunsa, ni na rungume Garba, Baba Maman da tsufansa ya yar da buta ya kama ƙafata. Haka muka ja ta, rabi a ɗauke rabi a jaye, har bayan tudu. Muka faɗa ciki, na waje suka tura yashi suka shige tasu.

Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Ƙara kamar lori dubu sun taso tare. Ruwan sama na dukan ciyawa, teku na bugun tudu har muna ji a ƙirjinmu. Jinkar na rawa, tana nishi, amma ta ƙi tashi. Baba Maman na ta salati, can ya tsaya ya ce, "Rabe, ɗigo na zubo mini a wuya. Aikinka ba kyau." Rabe ya ce, "Gobe in ta lafa sai ka kai ƙara wurin liman." Muka fashe da dariya cikin duhun nan, har da shi.

Kafin magariba ta lafa. Muka tone muka fito. Inda bukkoki suke, teku ta share wurin tas, ta kwashe zana da dirkoki, ta bar kifi yana tsalle a inda Asiya ke girki. Amma da muka waiwaya, ga jinka a jere bayan tudu, kowacce na zaune daram, mutane na fitowa daga ciki kamar 'yan tsaki. Ba wadda ta tafi, ko ɗaya! Mata suka saki guɗa. Garba ya ɗauki Rabe a wuya yana zagayawa da shi. Baba Maman ya yi kiran salla a kan tudu da muryar da ban san yana da ita ba. Dirka da zana abu ne mai sauƙi, cikin 'yan kwanaki aka kafa aka mayar da rufi. Maganar watsewa kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Shi kuma mutumin naka, Rabe, gari na wayewa ya saɓi sungumi ya tafi bayan tudu da sauran irinsa. Geron nan bai taɓa wuce gwiwa ba, gishiri ke ƙone shi, amma duk ruwan da aka yi sai ya shuka.

Ciwon ƙirji ne ya kama shi. Da ya yi tsanani Garba ya kawo shi wurina a lorin Alhamis, kwance bisa buhunan kifi, ba kira ba tsokana. Na yi jinyarsa abin da Allah ya nufa. Ba ya maganar ciwon, sai tunga. Ya ce mini, "Tijjani, tsorona ɗaya. In ba ni, za su tsaya kallon juna." Na ce za su sauke, in sha Allahu, amma ni ma a raina ban tabbata ba. Ranar da zai cika ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Bakano, kuka kake? Ashe ruwan idonka ma tsoronsa kake ji, ka bar shi yana gudu." Aka yi masa salla a Harami. Ya Allah, ka yi wa Rabe inuwa kamar yadda ya yi wa baƙinka.

Bai yi wata biyu a ƙasa ba aka yi ruwan Larabar nan da kowa ya sani, wanda ya shiga Harami ya cika Misfala da laka. Ina tsaye a kan dutsen Tandabawi ina kallon ruwa na jan kaya a kwararo, amma zuciyata na bakin teku. Alhamis ta zo, lori ba ta zo ba, hanya ta yanke. Wata Alhamis ɗin ma shiru. Na riƙa buɗe rumfa ina rufewa ban san me na sayar ba.

Sai ran nan da hantsi na ji an kwarara kira daga bakin titi: "Ina Bakanon nan mai tsoron ruwa?" Na miƙe har na ture kwanon daddawa. Garba ne, da kwando a ka.

Na riƙe shi na ce, "Tunga fa?"

Ya ce, "Tana nan."

"Jinka?"

"Duka. Baba Maman ne ya fara cewa a sauke, tasa aka fara ɗauka. Sai dai da muka sa kafaɗa, ba mai iya yin kiran. Muka tsaya hawaye na zuba, ga iska ta taso. Sai Asiya ta hau kan turmi ta ce, wa ya ci tuwo? Wallahi Tijjani, amsar da muka ba ta, na ce ko kun ji a Makka."

Na zauna a kan buhu ina kuka ina dariya, mutane suka taru suna tambaya ko lafiya. Garba ya sauke kwandon ya ce bayan ruwan da kwana kaɗan sambuk ya sauke wasu mutanen Gobir, da tsohuwa da yara, sun tarar da rumfa a tsaye da randa cike. Ya ce Asiya na gaishe ni, ba ta samu zuwa ba, tana bayan tudu da sungumin Rabe.